Bazara a Bakin Tafkin Cadi: Tarihin Zaman Maƙwabtaka a Ƙauyukan Gaɓar Yamma

Gabatarwa

A galibin ƙasar Hausa bazara lokaci ne na jira. An daɗe da gama kaka, hatsi ya fara ja baya a rumbu, 'yan cin rani suna haramar komowa gida, manomi kuwa ba shi da aiki sai sharar gona da kai taki da duban gabas ko hadari ya taso. Amma wanda ya taɓa yin watan Afrilu a gaɓar yamma ta Tafkin Cadi, daga Malam Fatori zuwa Baga har ya gangaro Wulgo, a shekarun da ake zaune lafiya, ya san al'amarin can ya sha bamban. A lokacin da ƙauyukan Kano da Katsina suke fayau, a lokacin ne ƙauyukan bakin tafki suke cika maƙil da jama'a, wake yana fure, masara ta kai gwiwa, hayaƙin banda yana tashi, shanu suna kiwo cikin ɗanyar ciyawa.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi tarihin wannan zama na bazara, mu ga yadda mutanen da ba su haɗa harshe ko asali ba suka yi maƙwabtaka a kan ƙasar da ruwa yake ba su aro na 'yan watanni, sa'an nan ya komo ya karɓe abinsa. An saba jin ana cewa ƙafewar tafki ce ta jawo talauci da gaba tsakanin mazauna wurin, har ta kai ga yaƙin da ya tashe su. A ganinmu tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Janyewar ruwa ita ce ma ta tara mutanen, ta ciyar da su wajen shekara arba'in, kuma abin da ya wargaza zamansu daga wani wuri dabam ya fito. Ba za mu taɓa gaɓar gabas ba, wato ɓangaren Kanem, sai inda magana ta tilasta.

Ruwan da ke zuwa bayan damina

Ba a fahimtar zaman mutanen sai an fahimci halin ruwan. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zuba wa tafkin yana zuwa ne ta Kogin Shari da abokin tafiyarsa Logon, waɗanda suke tasowa daga Jumhuriyar Afirka ta Tsakiya da tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru. Kogin Yobe, wanda ya kwaso ruwan Kano da Haɗeja da Jama'are, abin da yake kawowa bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da na Shari. Ruwan da aka yi can kudu cikin Agusta da Satumba yakan yi watanni yana tafiya, yana malala cikin fadamu, ba ya kai matuƙa a Njamena sai wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Saboda haka tafki yakan cika ne cikin ɗari, wajen Disamba da Janairu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Daga nan sai rana da iska su kama aikinsu, abin da suke shanyewa kuwa a shekara ya kai mita 2.

To, tafkin ya fi kama da faifai bisa ga rijiya. Zurfinsa a yawancin wurare bai wuce mita kaɗan ba, gaɓar yamma kuwa shimfiɗe take ƙwarai. In ruwa ya sauka da taƙi ɗaya ko biyu, sai ka ga ƙasa ta buɗe ta tafiyar kilomita da dama, baƙar laka mai riƙe danshi, wadda ba ta bukatar taki. Wannan ƙasa ita ce gonar bazara. Ke nan shekarar mutumin bakin tafki a juye take: cikin ɗari, da ruwa ya taho, su ne aikinsa, cikin rani da bazara, da ruwa ya ja baya, sai ya bi shi da shuka.

Ban da wannan hawa da sauka na shekara-shekara, akwai wani babba wanda yakan ɗauki shekaru goma-goma. Bafaranshen nan Jean Tilho, wanda ya jagoranci aikin shata iyaka a wurin tsakanin 1906 da 1909, ya tarar da arewacin tafkin a bushe, kuma shi ne daga baya ya kasa halin tafkin gida uku: babba, da matsakaici, da ƙarami. Yana da kyau mu riƙe wannan a zuci, domin masu cewa tafkin ya fara ƙanƙancewa ne a zamaninmu sukan manta cewa ya taɓa yin haka tun kakanninmu suna raye, ya kuma komo.

Kafin zuwan baƙi

Labarin farko mai cikakken bayani game da bazara a wannan gaɓa daga Heinrich Barth muka same shi. Cikin watan Afrilu na 1851 ya bi Shehu Umar daga Kukawa zuwa Ngurno, garin da yake kusa da ruwa, ya hau doki ya nufi gabas da ɗokin ganin tafkin da ya daɗe yana jin labarinsa. Abin da ya tarar shi ne fili mai ciyawa iyakar ganin ido, da fadama, babu buɗaɗɗen ruwa ko kaɗan. Sai da ya sake fita tare da 'yan jagora kafin ya ga ruwa sosai da dorinai da jiragen Buduma. Shi ɗin nan kuma ya ba da labarin cewa cikin ɗarin 1854 zuwa 1855 ruwa ya taso ya cinye fiye da rabin garin na Ngurno da gonakin da ke kudu da shi. Cikin shekara huɗu kacal wuri guda ya zama makiyaya, ya kuma zama tafki.

A wancan zamani maƙwabtakar ta mutum biyu ce, in za mu taƙaita. A kan tudu akwai Barebari da Kanembu da Larabawan Shuwa, talakawan Shehu, masu noma da kiwo, waɗanda sukan gangaro da dabbobinsu bakin ruwa da rani ya tsananta. A cikin tsibirai kuwa akwai Buduma, waɗanda suke kiran kansu Yedina, masu jiragen ciyawa da shanun nan na Kuri masu kumburarren ƙaho, da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Su ba su bi Shehu ba. Sukan kai hari gaɓa su kwashi shanu da mutane, su shige cikin ruwa inda dawakin Barno ba su iya binsu. Amma duk da haka ciniki bai yanke ba. Su ne suke ɗauko kanwa daga gaɓar Kanem su ƙetaro da ita, fatake su saya su yi yamma. Kanwar nan da Hausawa suke kira ungurnu daga sunan garin Ngurno ta samo sunanta, abin da ke nuna cewa ƙasar Hausa ta san wannan gaɓa ta bakin kasuwa tun kafin 'ya'yanta su je su zauna. Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, wanda aka ɗauko masa jirgi gunduwa-gunduwa bisa raƙuma tun daga Tarabulus, ya shiga tsibiran Buduma a 1851 ya yi makonni, suka karɓe shi hannu bibbiyu. Ya rasu a 1852 a Maduwari, wani ƙauye na bakin tafkin.

Zamanin Turawa ya kashe hare-haren, ya kuma ja layi a kan takarda ya raba ruwan tsakanin Ingila da Faransa. Layin da ya shafi Nijeriya da Kamaru an tsara shi a 1919, aka tabbatar da shi a 1931. A lokacin babu wanda ya damu da shi, tun da yake a kan ruwa ya bi, kifi kuwa ba ya biyan haraji. Za mu komo kan wannan layi a gaba.

Ƙauyukan da aka kafa a gindin tafki

A farkon shekarun 1960 tafkin ya yi cikar da ba a sake ganin irinta ba, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. A wannan lokaci ne abubuwa uku suka haɗu suka mai da su babbar sana'a: komar zaren roba wadda ba ta ruɓewa, da jirgin katako mai inji, da hanyar mota daga Maiduguri zuwa Baga, tafiyar kusan kilomita 200. Masunta suka fara kwararowa daga ƙasar Kabi da Sakkwato da Haɗeja, da Jukunawa daga Binuwai, wasu ma tun daga Mali. Da farko cin rani ne, mutum ya yi watanni ya koma gida da kuɗin aure ko na haraji. Ƙasashe huɗu na bakin tafkin kuma suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a Fort Lamy cikin Mayu na 1964.

Sai fari ya zo. A 1973 ruwa ya sauka har wani tudu da ke ƙarƙashinsa, wanda ya ratsa daga wajen Baga zuwa Baga Sola ta ƙasar Cadi, ya fito fili ya raba tafkin biyu. A 1975 ɓangaren arewa ya ƙafe. Farin 1984 ya fi na farko tsanani, har buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba. Wannan shi ne hoton da duniya ta riƙe har yau. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da mutane suka yi. A shekarun farko na janyewar, kifi ya taru a ɗan ruwan da ya rage, aka yi kamun da ba a taɓa yi ba, wanda masana suka ƙiyasta ya wuce tan 200,000 a 1974. Bayan haka irin kifin ya sake: giwan ruwa da sauran kifayen buɗaɗɗen ruwa suka ragu, tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure fadama, suka yawaita. Masuntan da suka ga baƙar laka ta buɗe a ƙofar bukkarsu kuwa sai suka ɗauki fartanya. Manoman da fari ya kora daga tudu, daga arewacin Barno da ƙasar Hausa da Nijar, suka biyo su. Makiyaya ma haka.

Gwamnati ita ma ta yi nata shirin, kuma ya kamata a gwada shi da na talakawa. Babban aikin noman rani na kudancin tafki, wanda aka buɗe a 1979 a yankin Marte, an tsara shi ne ya shayar da kadada 67,000 na alkama da shinkafa, ta hanyar doguwar magudanar da za ta jawo ruwa daga tafki. An yi lissafin ne bisa ruwan shekarun 1960. A tsakiyar shekarun 1980 ruwa ya daina isowa bakin magudanar, injuna suka tsaya, da yawa daga manoman da aka tsugunar suka kwashi iyalansu suka bi ruwa zuwa inda ya koma. Magudanar siminti ba ta iya tashi ta bi ruwa, bukkar zana kuwa cikin yini ɗaya ake kwance ta.

Ga masu nazarin harshe, sunayen waɗannan sababbin ƙauyuka shaida ce ta tarihi mai ƙarfi, kuma muna ganin ba a ba su kulawar da ta dace ba. Akwai Doron Baga, da Kwatan Dawashi, da Daban Masara, da Tumbun Gini, da Tumbun Rago, da Sabon Tumbu, da Doron Liman, da Doron Malam, da Garin Wanzam, da Ramin Dorina. Ginin sunayen na Hausa ne, da harafin nan na mallaka a tsakiya, ko da kalmar farko aro ce kamar tumbu, wadda mutanen wurin suke nufin tsibiri da ita. Doro shi ne tudun da ruwa ba ya hawa, kwata kuwa mashigar jirage. A gefensu kuma ga sunaye masu ginin Barbarci, irin su Darak Gana da Aisa Kura, inda gana ke nufin ƙarami, kura kuma babba, da masu ƙarewa da ram irin su Koloram da Kafuram. Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne Sokotoram: sunan Sakkwato ne aka liƙa masa wutsiyar Barbarci, wato maƙwabci ne ya raɗa wa baƙo suna da bakinsa. Akwai kuma Tumbun Naira da Doron Naira. Naira ba ta fito ba sai ran 1 ga Janairu 1973, saboda haka sunan da kansa ya faɗi shekarun garin, ya kuma faɗi abin da ya kai mutane can.

Bazara a tumbu

Yanzu bari mu dubi zaman kansa, yadda yake daga shekarun 1980 zuwa wajen 2010.

Abu na farko da baƙo zai yi in ya sauka shi ne neman bulama. Sau da yawa bulaman shi ne mutumin da ya fara kafa bukka a wurin, ko Bahaushe ne ko Babarbare ko Bashuwa, amma sarautarsa ba ta tabbata sai lawanin da ke kan tudu ya amince, shi kuma lawani yana ƙarƙashin hakimi, har a kai ga Shehu. Ta haka ne tsohon tsarin Barno ya miƙa hannu ya kama ƙasar da jiya ruwa ce. Bulama shi ke nuna wa baƙo inda zai shuka, in an girbe a ba shi wani kaso na buhuna, ya ɗauki nasa ya miƙa saura sama. Abin lura a nan shi ne gonar ba ta zama gado irin na ƙasar Hausa. Wurin da aka noma bana yana iya kwana cikin ruwa baɗi, ko kuma ruwa ya kāsa isa gare shi ya zama fako. Don haka rabon gona aiki ne da ake sakewa kusan kowace shekara, kuma mutumin da ya ɓata da maƙwabtansa bana shi zai sha wuya a rabon baɗi. A ganinmu wannan ne ginshiƙin zaman lafiyar wurin, fiye da kowace irin nasiha: kowa yana bukatar shaidar kowa.

Da ruwa ya fara ja, wajen Fabrairu, sai a bi shi da shuka sahu-sahu. Inda ya fara bushewa akan sa wake, inda danshi ya fi daɗewa a sa masara, ga kuɓewa da dankali da rake nan da can. Noma ba tare da ruwan sama ba ba baƙon abu ba ne a Barno, tun da mutanen Dikwa da Marte da Ngala sun daɗe suna dasa masakwa a ƙasar firgi bayan damina; amma masarar bazara da wakenta sabon abu ne, kuma su ne suka riƙa cika kasuwannin Maiduguri har su wuce kudu a daidai lokacin da hatsi ya yi tsada ko'ina. Babban aikin shi ne yaƙi da ciyawa, domin ƙasar da ke ciyar da masara haka take ciyar da haki. Nan ne 'yan ƙwadago suke shigowa, samari daga ƙauyukan tudu waɗanda ba su da abin yi a gida sai damina ta faɗi, da almajirai da suka biyo malaminsu. Mai hali ya ɗauki 'yan ƙwadago, marar hali ya kira gayya.

Su ma bai tsaya ba. Yayin da ruwa ke komawa ta cikin 'yan hanyoyinsa, kifin da ya yi ƙiba a cikin ciyawa yakan biyo shi, masunta kuma su tare shi. A shekarun 1980 ne gurar nan da ake dangantawa da mutanen Mali ta bazu, aka kuma shiga jera ta ɗaruruwa a gicciye hanyar ruwa, abin da ake kira dumba. Dumba ta kawo arziki, ta kuma kawo rigimar da ta fi kowace yawa a tsakanin masunta, domin wanda ya tare sama ya hana na ƙasa. Wa zai ba da izinin kafa ta, bulama ne, ko lawani, ko ƙaramar hukuma, ko kuwa sojan da ke tsaron wurin? Kowannensu ya taɓa karɓar kuɗi a kanta. Kifin da aka kama akan yanka shi gunduwa-gunduwa a yi banda, a cusa a kwali, jirgi ya kai Doron Baga, daga can manyan motoci su ɗauka zuwa Maiduguri da Anaca da Inugu da Ikko. Fatake Inyamurai da Hausawa sukan ba masunci koma da kuɗin abinci bashi, da sharaɗin kada ya sayar wa kowa sai su. Wannan hulɗa tana tsakanin taimako da ƙangi, ya danganta da yadda shekara ta kasance.

Na uku a wannan zama shi ne makiyayi. Da bazara ta kankama, kiwo ya ƙare a tudu, sai Shuwa da Fulani su gangaro da garkunansu, su tarar da Buduma da nasu shanun. Ciyawar da saniya take so tana fitowa ne a kan lakar da manomi yake so, saboda haka ɓarna ba ta da makawa. Abin da aka saba shi ne a kai ƙara gaban bulama, a tura dattawa su duba gona su ƙiyasta asara, mai shanu ya biya, liman ya shafa fatiha. Wani lokaci abin yakan fi ƙarfin bulama, a zub da jini. Amma kada a manta cewa matan makiyayan nan su ne suke kawo nono da man shanu kowace safiya su musanya da masara ko kifi, kuma bayan girbi manomi yakan sayar wa makiyayi harawar wakensa. Wasan taubasantaka da ke tsakanin Barebari da Fulani ma ya yi nasa aikin, don maganar da za ta zama zagi a bakin wani takan wuce a matsayin raha a bakin taubashi.

Game da harshe, Hausa ce ta zama ta kasuwa da ta kwata a wannan gaɓa, Barbarci na sarauta, Larabcin Shuwa kuwa yana ƙara ƙarfi in an yi kudu da gabas. Yaron da ya tashi a tumbu yakan ji uku. Naira kuma ta zama kuɗin ciniki har a tsibiran da ke cikin Cadi da Nijar da Kamaru. Ƙauyen da ya kwana biyu za ka tarar da mai shayi, da wanzami, da mai gyaran injin jirgi, da masassaƙin jirgin katako, da mai tuwo-tuwo, da masallacin zana. Mata suna adashi, ana suna, ana ɗaurin aure tsakanin ƙabilu.

Kada mu ƙawata abin fiye da kima. Zafin Afrilu da Mayu a wurin yakan wuce digiri 40, da magariba kuwa sauro yakan fito kamar hayaƙi, har dabbobi sai an yi musu hayaƙi kafin su kwanta. Zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da amai da gudawa abokan zama ne. Gobara in ta kama bukka ɗaya cikin iskar bazara sai ta lashe unguwa. Makaranta da asibiti ba su kai yawancin tsibiran ba; abin da ya kai shi ne mai karɓar kuɗi, iri-iri, a kwata da kan hanya. Jama'ar da ta ciyar da birane da kifi da masara, rabonta da hukuma kusan biya ne kawai, kuma wannan rashin kula yana da hannu cikin abin da ya biyo baya.

Layin kan takarda da yaƙi

Da ruwa ya ja, layin 1931 ya fito kan ƙasa, ya tarar mutane sun riga sun tsallake shi ba tare da sun sani ba. A 1983 sojojin Nijeriya da na Cadi suka gwabza a kan wasu tsibirai. Hukumar Tafkin Cadi ta sa aka kafa alamun iyaka tsakanin 1988 da 1990. Can kudu, garin Darak da ƙauyukan da ke kewaye da shi, waɗanda masunta da manoma daga Nijeriya suka cika, sun kasance ƙarƙashin mulkin Ƙaramar Hukumar Ngala tun daga 1987. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg. Nijeriya ta kafa hujja da cewa ita take karɓar haraji a ƙauyuka 33, ita take naɗa masu unguwanni, mutanen kuma ga sarakunan Barno suke mubaya'a. Ran 10 ga Oktoba 2002 kotu ta yanke cewa layin Turawa shi ne iyaka, cikin Disamba 2003 kuma Nijeriya ta janye. Da yawa daga sunayen da muka ambata a baya, irin su Garin Wanzam da Ramin Dorina da Sokotoram, a cikin takardun wannan shari'a suke. Wasu mazauna sun tashi, da yawa kuwa sun zauna, suka ci gaba da su da noma ƙarƙashin sabuwar tuta. Ko wannan bai kashe zaman ba.

Abin da ya kashe shi yaƙi ne, yaƙin kuwa a birnin Maiduguri ya tashi a 2009, ba a bakin ruwa ba. Cikin Afrilu na 2013, tsakiyar bazara, aka yi artabu tsakanin sojoji da 'yan Boko Haram a Baga. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna gidaje fiye da 2,000 sun ƙone, mutanen gari suka ce an kashe fiye da mutum 180, soja suka ce adadin bai kai 40 ba. Ran 3 ga Janairu 2015 'yan Boko Haram suka kama Baga da Doron Baga, suka yi kisan da har yau ake jayayya a kan yawansa, aka lalata gine-gine fiye da 3,700, mafi yawansu a Doron Baga. Dubban mutane suka shiga jirage suka ƙetara Cadi. Cikin Mayu na wannan shekara Nijar ta umarci mazauna tsibiranta su fice. Aka hana cinikin kifi na tsawon shekaru don a toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi, sai ya zamana an toshe wa talaka hanyar abinci. Mafi muni ga batunmu shi ne zargi ya shiga tsakanin maƙwabta, har aka riƙa yi wa Buduma kuɗin goro da laifin waɗansu daga cikinsu, alhali su ma an kashe su an kore su kamar kowa.

Ruwa kuwa yana nan. Binciken da aka yi da tauraron ɗan'adam ya nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa ba, sai ma ƙaruwa, illa dai yawancin ruwan yana ɓoye ƙarƙashin ciyawa, inda hoto ba ya nuna shi sosai. A 2022 da 2024 ambaliya ce ta addabi yankin. Cikin Satumba na 2020 gwamnatin Barno ta fara mai da mutane Baga, bayan da mayaƙa suka sake kama garin a Disamba 2018 aka kuma ƙwato shi. Waɗanda suka koma sun tarar da laka tana buɗewa cikin Fabrairu kamar yadda ta saba. Amma a tsibirai da yawa, tun bayan rabuwar ƙungiyar gida biyu a 2016, wanda ya riƙa ba da izinin shiga ruwa, ya karɓi kason kifi da na masara, ya raba gardama tsakanin manomi da makiyayi, ɗan bindiga ne ya zauna a gurbin bulama.